Lomar Farko ta Ɗan Ba'indiya

Ku gyara zama ku ji. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, da hannuna na dama na aikata shi, da wannan yatsan da kuke gani. Ban yi boko ba, ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana, kada a sa sunan kowa.

Wankan jego ne ya kawo ni Madina. Ɗana na fari mai haɗa magani ne a wani asibiti, matarsa ta haifi na uku, babu babba a kusa da ita, sai aka yi mini takardu na taho. Na zo da niyyar kwana arba'in, ga shi har yau ban koma ba. Gidan da asibitin ya ba su yana can ƙarshen Jurf, bayan alamar da ke nuna iyakar Harami, inda wanda ba Musulmi ba ma yake iya zama. Bene ne mai hawa uku. Muna hawa na biyu, ƙofarmu tana kallon wata ƙofa, taku huɗu ne tsakani.

A bayan waccan ƙofar akwai wata Ba'indiya da mijinta. Ita ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da ɗana yake, kowa Sista yake ce mata, ni ma sai na kama. Mijin yana gyaran injinan sanyaya ɗaki. Baƙa ce siririya, gashinta har gadon baya, kullum cikin ƙanshin man kwakwa. Da fari na ɗauka Musulma ce irin Indiyawan da nake gani a Masallacin Annabi, sai matar ɗana ta ce mini a'a, addinin Hindu suke yi. Ban taɓa zama kusa da irinsu ba, ban san me ake ce musu ba bayan sannu.

Hawan jinina ne ya haɗa mu. Ta ji labari a wurin ɗana, sai ta fara shigowa duk Juma'a da safe da abin awonta. Ranar farko da ta gama, sai ta sunkuya ta taɓa ƙafafuna. Na zabura har na kusa kifar da kofin shayi.

Na ce, "Subhanallahi! Tashi, 'yar nan, tashi!"

Matar ɗana ta yi dariya ta ce, "Umma, gaisuwarsu ce ga manya. Albarka take nema."

Na ce, "Ki gaya mata albarka ta samu, amma ta bar mini ƙafa."

Daga ranar hannuna take kamawa da hannu biyu. Ita Larabcinta na asibiti ne, ni nawa na kanti ne, ba ya wuce nawa ne da ya yi tsada. Abin da baki ya kasa, hannu ya ƙarasa. Abin da ya fi ƙarfin hannu kuwa sai mu kira matar ɗana ta tsaya mana a tsakiya. Mama take ce mini.

Shekararta goma sha ɗaya da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Na lura da yadda take kallon jikokina, irin kallon mai azumi ga tulu. Wata rana da hantsi muna tsintar shinkafa a faranti ɗaya, sai ta buɗe mini cikinta, matar ɗana tana juya mini maganar.

Ta ce a addininsu, mutum ba ya zuwa duniya shi kaɗai, yana zuwa ne ɗauke da haƙƙin waɗanda suka riga shi. Iyaye da kakanni da suka mutu suna can wani wuri suna jira, kuma ƙishi suke ji. Ba mai shayar da su sai wanda ya fito daga jininsu. Duk shekara ɗa yana dunƙula shinkafa, ya zuba ruwa da riɗi, ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Idan uba ya mutu, ɗansa ne yake tsayawa a kan gawar ya sallame shi. Ranar da haihuwa ta tsaya a gida, ranar ruwan ya yanke wa kowa, har kakan kakan da ba a san kamanninsa ba. Ta ce mijinta shi kaɗai ne namiji a wurin ubansa. Saboda haka duk wata in ta ga jini, ba ita kaɗai take kuka ba, ji take kamar layin tsofaffi ne a tsaye a bayanta da ƙoƙo a hannu, tana ce musu su koma sai wani watan.

Ta ce kuma jariri a wurinsu baƙo ne daga wurin abin da suke bauta wa. Ba a cewa nawa ne. An ba ka ne ka yi masa hidima, hidimar kuma ibada ce, wankansa ibada, shafa masa mai ibada.

Ni Musulma ce, a kan haka aka haife ni, a kan haka nake roƙon in cika. Na san wanda ya mutu ba ya shan ruwan duniya. Amma malamai sun sha gaya mana cewa in mutum ya kwanta dama, cikin ɗan abin da ke isa gare shi har da addu'ar ɗa nagari. To, ban yarda da maganarta ba, amma na gane kukanta. Na ce mata Allah Ya ba ta. Ta ce amin, don ta koyi kalmar a bakin marasa lafiya.

Allah kuwa Ya ba ta. Shekara ba ta zagayo ba ta haifi namiji, ɗan mitsitsi mai suma kamar an shafa masa shuni. Uwarta ba ta samu takardar zuwa ba, sai na ce ai ga ni. Na dafa ruwa na yi mata irin wankanmu. Kwana bakwai ta daure, ran na takwas ta riƙe ƙofar banɗaki ta ce, "Mama, halas, ya isa, na dahu!" Na dama mata kunun kanwa, ta kurɓa sau ɗaya ta dube ni kamar na cuce ta. Amma yaron kam a bayana ya saba barci. Ita ba ta iya goyo ba, ni na koya mata ɗaura zani.

Da hutunta ya ƙare ta koma aiki, sai ta riƙa kawo mana shi da safe, da kwalabe uku na nonon da ta tatsa. Kullum a bakin ƙofa sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Halib bas, Mama. Halib bas." Wato nono kawai.

A nan kuskurena yake, ku saurara da kyau. Wannan magana na sha jin ta. Matar ɗana ma haka ta ce mini a kan 'ya'yanta, wai likita ya hana ruwa, ya hana kunu, ya hana zuma. Mu kuwa tsofaffi mun san yadda muke yi da irin wannan doka: mu ce to, in uwar ta juya baya mu lasa wa yaro abin da ya samu. Haka aka yi mana, haka muka yi wa namu. Na ɗauka maganar asibiti ce Sista take yi mini. Ban san maganar addini ba ce.

Ranar wata Talata ce, cikin tsananin zafi, yaron yana da wata biyar da 'yan kwanaki. An riƙe uwar a wurin aiki, lokacin tashinta ya wuce ba ta dawo ba. Matar ɗana ta tafi kantunan Sultana sayen takalman yara. Kwalba ta uku ta ƙare tun azahar. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Na goya, na jijjiga, na yi waƙa, na zagaya ɗaki ya fi sau ashirin. A gefe kuwa ga kunun gyaɗa da na dama wa kaina, da shinkafa a ciki ta dahu luguf, ya huce. Na sauke shi na ɗora a cinya. Na ce bismillahi, na tsoma yatsa na sa masa a baki.

Ya yi tsit. Ya tattara goshi kamar tsohon da aka kawo wa ƙara. Sai ya tsotsa. Na ƙara, ya tsotsa. Na uku ya kama yatsan da hannu biyu ya yi dariya, kunun yana bin haɓarsa. Na goge masa baki da gefen mayafina, ya yi barci. Da uwar ta dawo tana ta ba da haƙuri, ban ma tuna in gaya mata ba. A wurina ba labari ba ne.

Bayan kwana huɗu ta kira mu ɗakinta, ni da matar ɗana, wai mu zo mu ga kaya. Akwati a buɗe a kan gado, za su tafi gida hutu nan da kwana goma sha biyu. Ta ciro wani ɗan kwanon azurfa, bai fi tafin hannu ba. Ta ciro wani ɗan farin ƙyalle mai bakin zinariya. Fuskarta tana ta haske, tana magana da sauri har matar ɗana tana cewa ta dakata ta juya mini.

Ta ce a shekara ta bakwai da aurenta ta je wani ɗakin ibadarsu a garinsu, ta yi alkawari. In aka ba ta ɗa, ba ƙwayar hatsin da za ta shiga bakinsa sai a wannan wurin. Suna da biki na musamman na ranar da yaro zai fara cin abinci. Ana ɗaura masa wannan ƙyalle, a zaunar da shi a cinyar babban gida yana fuskantar gabas, a sa masa shinkafar farko a baki. Daga ranar ya bar zama na uwarsa ita kaɗai, ya shiga cikin dangi, rayayyu da matattu. Wanda ya ci shinkafar gidan, shi zai dunƙula wa gidan shinkafa wata rana. Ta ce uban mijinta ya haura tamanin, idonsa ya kusa rufewa, ya aiko musu da kaset yana cewa ya hana kansa mutuwa sai ya sa wa jikansa lomar farko da hannunsa.

Sai ta juyo ta kama hannuna, wannan hannun dai, ta ce, "Shi ya sa kullum nake ce miki nono kawai, Mama. Kin riƙe mini shi da tsarki. Na gode."

Ban san yadda na taka taku huɗun nan na koma ɗakinmu ba.

Da ɗana ya dawo bayan la'asar na gaya musu. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na kallon idonsa, haka muka taso. Na zauna ina fuskantar taga na yi maganar kamar da labule nake yi.

Ya ce, "Hajiya, yatsa nawa?"

Na ce, "Uku."

Ya ce, "Yatsa uku! To wa ya gani?"

Na ce, "Shi yaron ya gani."

Matar tasa ta toshe baki tana son danne dariya ta ce, "Umma, ai kin riga kin mai da shi Bahaushe. Gobe sai tuwo."

Ban yi dariya ba, ita ma ta haɗiye tata.

Ya ce, "Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan abu ba addininmu ba ne. A wurinmu ba ki yi laifin komai ba, yaro ya ji yunwa kin ba shi abinci, lada ma kika samu. In kika faɗa, kin ɓata wa yarinyar nan abin da ta jira shekara goma sha ɗaya, kin ɓata wa tsohon da yake bakin kabari. In kika yi shiru, su yi bikinsu su ji daɗi. Wa aka cuta?"

Na ce, "Ta gode mini a kan abin da ban yi ba."

Ya ce, "To ki karɓi godiyar a kan sauran abin da kika yi. Goyon wata biyar wasa ne?"

Maganarsa da hankali a ciki, ban musa ba. Kwana shida ina juya ta. Kullum da safe Sista tana miƙo mini yaron tana ɗaga yatsa, yanzu har da murmushi, kamar sirri ne tsakaninmu. Ni kuwa in na karɓe shi sai in ji ya yi mini nauyi.

Ran Juma'a ɗana ya kai mu Masallacin Annabi. Duk lokacin da mota ta wuce alamar iyakar nan sai in tuna maƙwabciyata ba ta taɓa ƙetare ta ba, shekara da shekaru tana hango hasken hasumiyoyin daga kan benenmu. Bayan an idar na zauna a farfajiyar mata ina jan carbi. Kusa da ni wata yarinya, ban san ko 'yar wace ƙasa ba ce, ta tauna dabino tana lasa wa jaririnta, tana kallon bakinsa kamar ba kowa a duniya sai su biyu. A nan wani abu da na binne shekara arba'in da wani abu ya taso mini.

Lokacin da na haifi ɗana na fari, kunya ta hana ni ɗaukarsa a gaban mutane. Haka al'ada take, ba wanda ya zalunce ni. A kawo shi ya sha nono a ɗaki, a ɗauke. Ranan nan na fito tsakar gida na gan shi a hannun wata, da busasshen kunu a gefen bakinsa. An fara ba shi. Wa ya ba shi? Yaushe? Ya karɓa ko ya tofar? Ya yi kuka? Ba damar in tambaya, uwar ɗan fari ba ta tambaya. Na wuce kamar ban gani ba, na je bayan rumbu na tsaya. Waɗanda suka sani duk sun mutu. Ga shi nan yanzu da furfura a gemu yana tuƙa ni a mota, har yau ban san yadda ya yi da lomarsa ta farko ba.

Sai na ga ashe abu biyu na ɗauke wa Sista. Na farko, ba da lomar, ba ya dawowa. Na biyu kuwa yana hannuna, ni kaɗai na ga fuskar yaron nan ranar. In na yi shiru, za ta zauna a gaban dangi tana kallon loma ta huɗu tana ce mata ta farko, ni kuma in tafi kabari da ta gaskiyar.

Washegari Sista ba ta da aiki. Da hantsi na ce wa matar ɗana ta taso. Ta ce, "Umma, kin tabbata?" Na ce ta ɗauko mayafinta kawai.

Muka same ta tana ninke kayan yaro. Ban zauna ba. Na faɗa a tsaye, daga kukan har kunun, ban rage ba, ban kuma ce yunwa ce ta sa ba sai da na gama. Matar ɗana tana juya mata.

Sista ba ta yi ihu ba. Ta zame daga bakin gado ta zauna a ƙasa, rigar yaron a hannunta. Ta daɗe tana kallon kwanon azurfar. Mijin ya leƙo daga ɗaya ɗakin, ta yi masa magana biyu da yarensu, ya dafa bango, ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shinkafa ce a ciki?"

Na ce, "Shinkafa da gyaɗa, da ɗan sukari, da tsamiya."

"Da cokali?"

"Da yatsa."

"Wane hannu?"

"Dama."

"A ina yake zaune?"

"A cinyata."

"Ina yake kallo?"

Na tsaya na auna ɗakinmu a raina. Alƙibla a Madina kudu take, ni kuma ina jingine da bangon da ke hannun dama in an fuskance ta. Na ce, "Gabas." Ban faɗa don in faranta mata ba, haka abin yake.

Ta ce, "Kin ce wani abu?"

Na ce, "Na ambaci sunan Allah."

Sai ta ɗago, idonta jajir, ta ce, "Yaya ya yi?"

Na durƙusa a gabanta, da tsufana da ciwon gwiwata, na nuna mata. Na tattara goshi yadda ya tattara. Na motsa baki yadda ya motsa. Na kama yatsana da hannu ɗaya na nuna yadda ya riƙe da biyu, na nuna inda kunun ya bi a haɓarsa. Ta ce in sake. Na sake. Ta yi wata irin dariya da ta karye a tsakiya ta zama kuka. Na miƙa hannu zan dafa ta, ta kauce. Ta ce, "Ki tafi yanzu, Mama."

Kwana biyar da suka rage ba ta kawo yaron ba, ta nemi a ba ta hutun da wuri. Ina jin kukansa ta bango, bayana yana yi mini ƙaiƙayi. Ranar tafiyarsu na ji ana jan akwati a matakala, ba wanda ya ƙwanƙwasa mana. Ɗana bai ce ai na gaya miki ba, yana da tarbiyya, amma na ji shi yana sauke numfashi.

Kwana arba'in da biyar suka yi. Na ƙirga su da ƙwayar dabino a cikin gwangwani.

Ranar da suka dawo ban fita ba. Kwana biyu a tsakani, da safe, aka ƙwanƙwasa. Ita ce, yaron a kafaɗa an aske masa suma, mijin a bayanta riƙe da rediyo mai kaset. Bai taɓa shiga ɗakinmu ba sai ranar. Suka zauna, aka kira ɗana. Mijin ya ce da Larabci, ɗana yana juya mini: tun a jirgi suke gardama, ita tana cewa a gaya wa tsohon, shi yana cewa a rufe. Daren farko ba su faɗa ba. Da gari ya waye ita ta je ta durƙusa ta gaya masa da bakinta, don ta ce tsohuwar da ba addininsu ɗaya ba ta kasa yi mata ƙarya, ita ba za ta yi wa uban mijinta ba.

Ya danna kaset. Muryar tsoho ta fito, siririya, tana shaƙewa, da kukan wasu tsuntsaye a bayanta. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san muryar wanda ya kusa barin duniya. Mijin ya juya wa ɗana, ɗana ya juya mini.

Wai tsohon ya yi fushi yini guda, bai ci abinci ba. Wai ya so a ce hannunsa ne, ba zai ɓoye ba, har yanzu yana jin zafin. Amma ya tambayi kansa, da yana ɗakin ranar, jikansa yana kukan yunwa, ido ba gani, ƙafa ba ƙarfi, me zai roƙi matar da ke kusa ta yi? Wai sun je ɗakin ibadar, ya gaya wa mai kula da wurin gaskiya a gaban kowa, ya ba da lomarsa a matsayin ta biyu, ba a ce ba ta karɓu ba. Wai a gidansu wanda ya ba yaro hatsin farko ya zama babbansa har abada. Saboda haka ya umarci ɗansa, in na mutu, a sa ni cikin waɗanda yaron zai zuba wa ruwa.

Na san abin da ya ba ni, ba shi da abin da ya fi shi. Na kuma san ba zan iya karɓa ba.

Na ce wa ɗana, ina kallon tabarma, "Ka gaya masa na gode, na kuma ji nauyin maganarsa. Amma ya bar ruwan ga nasa, sun daɗe suna jira. Ni ina da mai yi mini addu'a." Na ɗan tsaya. "In zai yi."

Ɗana bai juya maganar nan take ba. Na ji ya gyara murya sau biyu. Ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Zai yi, Hajiya." Sannan ya juya musu sauran.

Sista ta ajiye mini wani farin mayafi mai bakin zinariya a cinya, irin ƙyallen yaron, ta ce wannan kam ba na mayarwa ba ne. Ba ta kama hannuna ba ranar. Ta fi wata biyu ba ta bar mini yaron ni kaɗai ba, wata 'yar ƙasarsu take kai wa a can wani gini, ban kuma ce komai ba, haƙƙinta ne. Sai wata safiya ta shigo da kwanon azurfar nan a hannu, fuska a ɗaure, ta ce yaron ya ƙi abincinsu, duk abin da ta dafa sai ya tofar. Ta ce, "Wannan abin naki. Nuna mini." Na jiƙa gyaɗa. Ta tsaya a kaina tana kallo har aka sauke, ita ta ba shi da hannunta, ni ina gefe.

Tsohon ya rasu kafin yaron ya fara tafiya. Mijin ya je ya sallame shi, ya dawo da kai a aske. Da shekara ta zagayo, wata safiya na hau saman bene shanya, sai na tarar da su a lungu bayan tankin ruwa, a ɓoye, don ƙasar ba ta ba da damar a yi irin wannan a fili. Ga dunƙulen shinkafa uku a kan faranti. Uban ya riƙe hannun yaron a cikin nasa, suna zuba ruwa tare, yaron yana ta ƙoƙarin kai shinkafar bakinsa. Sista ta gaya mini daga baya cewa a garinsu hankaka ake jira ya zo ya ci. A Jurf babu hankaka, tattabaru ne suka sauko. Na juya baya na ci gaba da shanyata, ban matsa ba, ban kuma sauka ba sai da suka gama, don kada wani ya hawo.

Yaron yana da shekara shida aikinsu ya ƙare suka koma ƙasarsu. Wasiƙa ta zo sau biyu, muka sake gida, shi ke nan. Yanzu ya isa aure, in yana raye. Ina sa shi a addu'a bayan jikokina, in roƙa masa lafiya da shiriya, da 'ya'yan da za su ji ƙansa. Mayafin yana ƙasan akwatina, ban taɓa yafa shi ba. Na gaya wa matar ɗana kada a haɗa shi da kayan da za a raba, a ba babbar jikata, a kuma gaya mata yatsa uku ne, da hannun dama, yana kallon gabas, kuma ya yi dariya.